Baƙin Malam Abdullahi: Wa Ke da Alhakin Mai Ziyara Tsakanin Tsamiya da Gwandu?

Wata tsohuwa ce ta yi mini tambayar da ta haifi wannan rubutu. A watan Mauludin bara ne, ina zaune a rumfar mai shayi a gefen hanyar da ta taso daga iyakar Benin ta nufi gadar Tuga, sai wata doguwar mota ta tsaya, taya ta yi faci. Fasinjojin suka firfito suna miƙe ƙafa, yawancinsu mata ne masu manyan shekaru, wasu na Dandanci, wasu na Fillanci, kowace da butarta da ƙullin guzurinta. Ɗaya daga cikinsu ta matso kusa da ni, ta rage murya ta ce, "Ɗana, ina mata ke kama ruwa a nan?" Na duba gabas, na duba yamma, ban ga abin da zan nuna mata ba. Wata mai sayar da fura ce ta fitar da ni kunya, ta ce, "Inna, taho mu je gida," ta ja su bakwai ko takwas ta shige lungu da su.

Da na tambayi direban, sai ya ce daga wajen Kandi suka taso, za su Gwandu su ziyarci kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, daga nan su wuce Sakkwato, Hubbaren Shehu. Ya ce tun asuba suke hanya, kuma shingayen da aka tsayar da su sun cinye kusan abin da suka tanada na abincin rana. Ban tambaye shi na wace hukuma ba ne, shi ma bai faɗa ba.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne wannan: duk maganar da ake yi ta raya wuraren ziyara a ƙasar Kabi da Sakkwato, maganar fenti ce da katanga da allon sanarwa a ƙofar hubbare, alhali mafi yawan wahalar mai ziyara, da mafi yawan haɗarin da ke kansa, da kusan dukkan kuɗin da yake kashewa, a kan hanya suke. Ƙaramar hukumar Bagudo mashiga ce, ta nan baƙon da ya fito arewacin Benin ke fara taka ƙasar Najeriya. Idan an kasa masa a nan, duk abin da aka ƙawata a can ado ne kawai.

Mai karatun da bai san yankin ba yana bukatar ɗan taswira a zuciyarsa. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar Bagudo ya raba ta biyu. A ƙetare akwai Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya, kuma da ka wuce Tsamiya ka shiga ƙasar Segbana ta Jamhuriyar Benin, a jihar da suke kira Alibori. Mutanen da ke ɓangarorin biyu iri ɗaya ne: Dandawa, Kyangawa, Busawa, Fulani, Zabarmawa da Hausawa, masu auratayya da juna da cin kasuwa ɗaya. Layin da ya raba su ba su suka ja shi ba. Ingila da Faransa ne suka zauna a Faris a watan Yunin 1898 suka amince cewa iyakar za ta taɓa kogin a wani wuri mil goma sama da Giri, mashigin jiragen Illo. Tun kafin wannan layi, ta wannan yanki ne ayarin fatake ke ƙetare Kwara su bi ta ƙasar Bargu da Jugu su nufi Salaga a Gwanja sayen goro. Malamai da almajirai sun bi sawun fataken, shi ya sa har yau za ka iske unguwar da ake kira Zango a garuruwan Benin da Togo da Gana, inda Hausa ce harshen masallaci da na ciniki.

Saboda haka idan tsohuwa daga Kandi ta ce za ta Gwandu, a ganinta ba wata ƙasa za ta ba. Gidan malamin malamanta za ta. Lokacin da Shehu Usmanu ya raba ragamar mulki wajen 1812, ɓangaren yamma ne ya faɗa hannun ƙanensa Abdullahi, kuma tasirin Gwandu ya kai har ƙasar Dendi da Gurma da Nufe da Ilori. Littattafansa sun fi tutocinsa nisan tafiya. Tafsirinsa, Diya'ut Ta'wili, har yanzu ana karanta shi a zaurukan malamai a duk inda aka yi karatun zaure irin na ƙasar Hausa.

Akwai wani abu a tarihin Malam Abdullahi da ya kamata duk mai magana kan wannan batu ya riƙa tunawa. Shi kansa ya taɓa zama matafiyin ibada. Wajen 1807, da ya ga yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin mayaƙan jihadi, sai ya juya musu baya ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Kano ce ta tare shi. Mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da hukunci, ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, daga baya ya komo gida bai kai Makka ba. Ya rasu a Gwandu a ƙarshen shekarun 1820. Mutumin da ake zuwa wa ziyara ya san yunwar hanya, ya san darajar garin da ya karɓi baƙo, kuma littafin da ya bari daga waccan tafiya magana yake yi kan haƙƙin talakawa a wuyan mai mulki.

Na san akwai wanda tun daga sakin layi na biyu ya fara ɗaure fuska. Zai ce tafiya takanas zuwa kabari domin neman tabarraki bidi'a ce, kuma bai dace a ɗebi kuɗin jama'a a sauƙaƙa wa mutane hanyar aikata ta ba. Wannan saɓani tsoho ne, ya ƙara zafi tun kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kuma ba ni ne zan raba gardamar ba. Kowane ɓangare yana da malamai da hujjoji. Masu ziyara za su kawo hadisin da ya halatta ziyarar kaburbura bayan an taɓa hana ta, masu hani su kawo wanda ya taƙaita ɗaura sirdi zuwa masallatai uku. Shehu da kansa ya keɓe babi a Ihya'us Sunna kan sunnoni da bidi'o'in da suka shafi jana'iza da maƙabarta, wanda ke nuna cewa tun a zamaninsa ana bukatar a ja wa mutane layi tsakanin ziyara da wuce gona da iri.

Amma ga abin da nake ganin ba a yi saɓani a kansa ba. Matar nan da ke neman makewayi ta riga ta fito. Ko ka yarda da niyyarta ko ba ka yarda ba, matafiyiya ce, kuma ɗan hanya yana cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ambata a rabon zakka. Rijiyar da za ta sha, ɗan Izala mai zuwa wa'azin ƙasa zai sha, ɗan kasuwa mai zuwa Jega zai sha, Kirista mai zuwa bikin danginsa a Segbana zai sha. Kwalara kuwa ba ta tambayar mutum ɗariƙarsa. Na ƙara da cewa hubbaren da aka tsara, aka sa masa malami mai bayani da ladabin ziyara, ya fi kusa da abin da masu hani ke so fiye da wanda aka bari kowa na yin abin da ya ga dama. Sakaci bai taɓa rage bidi'a ba.

Ɗaya ɓangaren da nake jayayya da shi ya fi wannan daɗin baki, shi ya sa ya fi shi haɗari. Su ne masu cewa a mayar da wuraren nan cibiyoyin yawon buɗe ido domin jiha ta samu kuɗin shiga. Kalmar kanta ta nuna inda aka kuskure. Mai buɗe ido kallo ya zo yi, yana da rarar kuɗi, yana son otal da hoto. Mai ziyara ya sayar da akuya ko buhun gero ne ya fito, yana kwana kan tabarma, kuma abin da ya zo nema ba a sayar da shi. Ranar da aka kafa teburin tikiti a ƙofar Hubbare, ranar ce za a kori ainihin mutanen da suka raya wurin shekara ɗari biyu, musamman mata 'yan taru da suka gaji al'adar zuwa daga Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864 aka binne ta kusa da mahaifinta.

Jihar Kabi ta san yadda ake karɓar baƙi idan ta ga dama. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 don tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya shiga jerin al'adun duniya na Unesco a 2016. Idan za a yi shi, ana gyara hanya, a tanadi masauki, a kawo motocin asibiti da jami'an tsaro. Amma bikin kwana huɗu ne, kuma ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Ziyara kuwa ba ta taɓa tsayawa ba. Ba ta jiran kasafin kuɗi, ba ta jiran gwamna ya sa rana. Wannan shi ne ƙarfinta, kuma shi ne dalilin da ya sa ba a ganinta: abin da ba ya bukatar a buɗe shi da almakashi ba ya shiga lissafin 'yan siyasa.

Bari in zo kan ruwa, domin nan ne ake asarar rayuka. Gadar Tuga ta ɗauke wa masu mota wahala, amma ƙauyukan bakin kogi daga Lolo zuwa ƙasa har yanzu jirgin katako ne hanyarsu. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, zirga-zirgar da ke bi ta kan gada ta koma cikin kwalekwale da hanyoyin gefe, kuma wani kaso nata ya malalo ta ƙasar Kabi. Wannan ya shafi masu ziyara kai tsaye, domin 'yan Tijjaniyya na yankin ba Gwandu da Sakkwato kaɗai suke zuwa ba. Akwai Mauludin Kiyota a jihar Doso ta Nijar, garin Shehu Abubakar Hashimu, almajirin Shehu Ibrahim Inyas kuma surukinsa, inda jama'a ke taruwa daga Nijar da Najeriya da Benin. Wanda zai je can daga ƙetaren Kwara, sai ya haye ruwa.

Mun riga mun ga abin da ke faruwa idan taron addini ya haɗu da jirgin da aka cika maƙil. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Daren 1 ga Oktoban 2024, wani jirgin mai ɗauke da kusan mutum 300, galibi mata da yara 'yan Mauludi, ya nutse a Kwara kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa ta jihar Neja, gomomi suka halaka. A cikin Kabi kanta, ba a manta da jirgin da ya tarwatse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, ko da yake waɗancan 'yan kasuwa ne. Labarin iri ɗaya ne kullum: jirgi ya tsufa, lodi ya wuce kima, tafiyar dare, babu rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta wajabta sanya rigar, amma dokar da ke Lakwaja ba ta tsayawa a bakin mashigi da ƙarfe takwas na dare. Wanda ke tsayawa a wurin shi ne sarkin jirgi, da muƙaddamin da ya tara jama'ar, kuma su biyun nan ne za a ɗora wa nauyin. Idan muƙaddami ya ce ba wanda zai hau sai da riga, ba kuma za a tashi bayan la'asar sakaliya ba, almajiransa za su bi fiye da yadda za su bi kowane jami'i mai kaki.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da ban taɓa jin an yi shi a bainar jama'a ba. Watan Rabi'ul Awwal yana ja da baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2024 Mauludi ya faɗo a tsakiyar Satumba, a 2025 a farkonta. Shekarun da ke tafe zai ratsa Agusta da Yuli da Yuni, wato tsakiyar damina, lokacin da kogi ke cika, hanyoyin ƙasa ke yankewa, amai da gudawa ke yaɗuwa. Zuwa 2035 zai kai watan Mayu, daga nan ya shiga Afrilu da Maris, lokacin da zafi ke kai maƙura, rijiyoyi ke ƙafewa, sanƙarau ke tashi. Ke nan shirin da ya dace da bana ba zai dace da na shekara goma masu zuwa ba, kuma mun san haka tun yanzu, ba sai an kira masani daga waje ya gaya mana ba. Kalandar da ke rataye a kowane masallaci ta isa.

Sanƙarau ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A farkon 2025 ya ɓarke a ƙananan hukumomin Gwandu da Aliero da Jega, wato daidai kan hanyar da masu ziyara ke bi. Waɗanda suka manyanta za su tuna 1996, shekarar da annobar ta kashe fiye da mutum dubu goma a Najeriya har Saudiyya ta hana alhazanmu shiga aikin Hajji. Tun daga lokacin ba wanda ke musun allurar rigakafi kafin tafiya Makka. Abin mamaki, mutumin da zai miƙa hannu a yi masa allura a sansanin alhazai na Birnin Kabi ba ya tunanin cewa kwana cikin ɗaki ɗaya da mutum arba'in a lokacin bazara a Gwandu ko Kiyota irin haɗarin nan ne. Tebur ɗaya na ma'aikatan lafiya a Tsamiya da wani a Lolo a makonnin da jama'a ke yawaita, da gishirin haɗi na masu gudawa, da wurin wanke hannu, ba su kai kuɗin tayoyin motar rakiyar babban mutum ba.

Hajji ma ya koya mana wani darasin. A turmutsitsin Mina na Satumban 2015 Najeriya ta rasa ɗaruruwan alhazai, jihar Sakkwato na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A zafin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da rajista, don haka ba su da tanti, ba su da motar sanyi, ba wanda ya san inda suke. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadi. Mu kuwa a nan kusan duk masu ziyararmu haka suke. Ba ina kiran a yi musu biza ko a ɗora musu haraji ba. Littafi nake nufi, irin wanda ake ajiyewa a tashar mota: mota kaza, daga gari kaza, mutum nawa, wane ne jagora, ga lambarsa. Shekara biyu ana cika shi za a san watan da aka fi zuwa, da yawan makewayin da ake bukata, da inda ya kamata a haƙa rijiya.

Za a ce mini tsaro fa? Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Lakurawa sun addabi sassan Kabi da Sakkwato, harin da suka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 ya girgiza kowa. A ɗaya ɓangaren, masu ɗauke da makamai sun kafu a dazuzzukan arewacin Benin, inda a watan Afrilun 2025 gwamnatin ƙasar ta tabbatar da kisan sojojinta 54 a Alibori. Irin waɗannan mutane ba sa ƙaunar hubbare. Mun ga yadda takwarorinsu suka rushe ƙubbobin waliyyan Tambutu a 2012, har kotun duniya ta ɗaure ɗaya daga cikin jagororinsu shekara tara a 2016. Taron masu ziyara a fili abin hari ne, kuma motar baƙi mafaka ce mai kyau ga mai mugun nufi.

Sai dai maganin da aka saba kawowa, wato a rufe iyaka, mun gwada shi. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka buɗe huɗu a Disamban 2020, ta Kamba sai a Afrilun 2022. Mutane ba su daina ƙetarawa ba. Sun bar titi ne suka shiga daji a kan kabu-kabu, suka biya ninkin kuɗi, kuma hukuma ta daina ganinsu kwata-kwata. Yarjejeniyar Ecowas ta 1979 ta ba ɗan Benin damar shiga Najeriya ya yi kwana casa'in ba tare da biza ba, ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan haƙƙi tsakanin Najeriya da Benin ba. Ayarin da ya shigo ta ƙofa da sunan jagoransa a rubuce, aka san inda zai kwana, ya fi sauƙin karewa da tantancewa fiye da wanda aka tilasta wa bin dare. Kuma kowace naira da aka karɓa a shinge ba bisa ƙa'ida ba, koya wa direba ake yi cewa hanyar daji ta fi arha.

To wa zai yi aikin? A nan nake ganin ya kamata mu dubi Tuba ta Senegal, ba don komai nata ya yi daidai ba. Kowace shekara ranar 18 ga Safar miliyoyin Muridawa ke taruwa a garin domin tunawa da ranar da Faransawa suka kori Shehu Ahmadu Bamba zuwa Gabon a 1895. Garin na fama da ƙarancin ruwa, ambaliya na damunsa, kuma a 2005 taron ya taimaka wajen bazuwar kwalara a ƙasar. Amma tsarin da suka gina abin koyi ne: kwamitin shirya taron na ƙarƙashin Halifa, ƙungiyoyin almajirai ne ke dafa abinci da share gari da saukar baƙi a gidaje kyauta, gwamnati kuma ta zo da abin da ita kaɗai ke iyawa, wato tankokin ruwa da likitoci da 'yan sanda da gyaran hanya. Ana zama watanni kafin ranar, kowane ɓangare ya faɗi abin da ya ɗauka, bayan taro a dawo a yi bita. A cikin Benin ma, Katolika na yin irin wannan shiri kowane watan Agusta a kogon Arigbo da ke Dasa, tun 1954.

Mu ba ma sai mun yi aro ba. Zango namu ne. A zamanin fatake, kowane gari da ke kan hanyar Gwanja yana da fili a bayan ganuwa inda ayari ke sauka, da sarkin zango mai kula da shi, da fatoma mai ba da ɗaki da ajiyar kaya, da rijiya, da masallaci. Madugu ya san tun kafin ya taso inda zai kwana kowane dare. Garin na cin riba ta hanyar sayar da abinci da harawa da itace, baƙo kuma na samun aminci. Abin da nake ba da shawara shi ne a farfaɗo da wannan a wurare uku ko huɗu tsakanin iyaka da Jega: fili mai katanga, rumfa, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, makewayi na mata daban na maza daban, da wurin zuba shara. A yi shi a matsayin waƙafi, da takarda, ƙarƙashin idon hakimin yankin da masarautar Gwandu, kwamitin kuma ya haɗa limamin gari da wakilin zawiyoyi da na direbobi da mace aƙalla ɗaya, tunda mata ne suka fi yawa a cikin motocin.

Na nace a kan waƙafi ne saboda na ga ƙarshen gine-ginen da aka yi da kwangila. Ana buɗe su da kiɗa, bayan damina biyu famfo ya lalace, ba mai gyara domin ba na kowa ba ne. Zango zai rayu ne idan yana da abin da ke ciyar da shi: shaguna biyar ko shida a jikin katangarsa da ake ba masu abinci da masu faci da 'yan canjin sefa haya, kuɗin ya tafi ga mai shara da mai gadi da gyaran famfo. Mai ziyara ba zai biya kuɗin kwana ba, amma zai sayi tuwo da ruwa da katin waya, kuma kuɗin zai tsaya a Ka'oje ko Bagudo maimakon ya ƙare a aljihun mai shinge. Attajiran da ke zuwa Umra sau biyu a shekara, kuɗin tafiya ɗaya ya isa ya haƙa rijiyar zango guda.

A can ƙarshen hanya kuma, abin da hubbarorin ke bukata bai wuce kulawa mai hankali ba. Kada a rushe ginin ƙasa a zuba siminti da tayil da sunan gyara, domin magina na gargajiya ne suka sake tayar da ƙubbobin Tambutu, da irin ƙasar da aka fara gina su da ita. A kwashe leda. A tsara masu bara yadda tsohuwa za ta iya yin addu'arta ba a ja mata mayafi ba. A samu wanda zai yi bayani da Hausa da Dandanci da Fillanci da Faransanci, a kuma buga ƙananan littattafan Malam Abdullahi da na Asma'u da fassara, a sayar da arha a bakin ƙofa. Rubutattun kwafinsu na nan ajiye a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ba a kai su inda jama'a suke ba ne kawai.

Motar nan ta Kandi ta tashi bayan azahar, da aka gama liƙe tayar. Kafin su hau, tsohuwar da ta yi mini tambaya ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yan sulallan sefa za ta ba mai furar, ita kuwa ta ƙi karɓa, ta ce, "Inna, idan kin isa ki sa ni a addu'a." Na tambayi mai furar ko hakan na yawan faruwa. Ta ce a watan Mauludi kusan kullum ne, wata rana mota biyu, kuma masai ɗin gidansu ya cika tun kafin kaka, maigidanta na neman kuɗin da zai haƙa wani.